Tsofaffin Peugeot na bakin hanyar Maraɗi: a tayar da su ko a sayar wa ƴan gwangwan?

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, ya taso daga Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har ya isa Gazawa, in dai yana duban gefen hanya, ba zai rasa ganinsu ba. Wata tana bayan tashar mota, an ɗora ta bisa tubala domin tayoyinta sun daɗe da tafiya. Wata tana ƙofar gidan wani alhaji da Allah ya yi wa rasuwa, rairayi ya binne ta har gindin ƙofa, jar akuya ta mai da ƙarƙashinta wurin hutun rana. Wata kuma tana cikin harabar ma'aikata, rana ta cinye fentinta, an manta ma da wanda ya tuƙa ta a ƙarshe. Galibinsu Peugeot ne, 404 da 504, motocin da suka goya kasuwancin jahar Maraɗi shekara da shekaru.

A da babu mai waiwayarsu. Yanzu kuwa sun sami masu nema, wato ƴan gwangwan da ke bin gari gari da sikeli, suna sayen ƙarfe da nauyinsa. Su ba ruwansu da ko injin yana da sauran rai. Da an yi ciniki sai guduma da wutar walda, kafin la'asar motar da ta yi shekara arba'in ko hamsin a duniya ta zama tulin ƙarafa. Saboda haka tambayar da ke gaban magada da ƴan kasuwa da ma'aikatan da ke da irin wannan mota a gida ita ce: wace ce ta cancanci a cece ta, wace ce kuma ta riga ta gama aikinta?

Yadda suka shigo ƙasar

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 404 a shekarar 1960. A 1967 ya fito da mai buɗaɗɗen baya, wadda ake rufa wa tamfol, ita ce direbobi ke kira “kat-san-kat bashe”. Ta zo daidai lokacin da cinikin gyaɗa yake kan ganiyarsa a ƙasar Maraɗi, bayan an kafa kamfanin SONARA a 1962 domin ya riƙe fitar da gyaɗar Nijar zuwa waje. Manyan motoci ne ke kwasar buhuna zuwa nesa, amma shiga ƙauyuka ta hanyoyin rairayi, da kai ƴan kasuwa cin kasuwa da kayansu da awakinsu, wannan aikin ƙaramar mota ne mai juriya. Juriyar 404 kuwa duniya ta shaida ta: ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1963, ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. Ko bayan an daina ƙera ta a Faransa, an ci gaba da harhaɗa ta a Kenya har 1991.

Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, 504 ta zama motar ma'aikatan gwamnatin Nijeriya, aka ci gaba da yin ta a can har cikin shekarun 2000. Daga Kaduna da Kano da Katsina motoci da kayan gyaransu suka yi ta ƙetarowa ta Jibiya da Ɗan Isa.

Akwai kuma hanya ta uku da dattawa ba su manta ba. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar Peugeot a ƙasarsu, su ratso Aljeriya da ita ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka da Arlit da Agadas, su sayar da ita a Nijar, su yi kuɗin jirgin komawa gida. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, lokacin da tawaye ya tashi a arewacin Nijar, rikici kuma ya ɓarke a Aljeriya.

Sanin hanyar da mota ta biyo yana da amfani ga mai son gyara ta, domin ita ce ke nuna irin takardun da ya kamata a samu, da kuma inda tsatsa za ta fi ɓuya. Wadda ta yi shekaru a Turai ta sha gishirin da ake zubawa bisa hanya lokacin ƙanƙara, sau da yawa ta iso da ciwonta a ƙarƙashi. Wadda aka saya sabuwa a Yamai ko a Kaduna ba ta san wannan ba.

Abin da ya kwantar da su

Yawancin waɗannan motoci ba mutuwa suka yi ba, ajiye su aka yi “kafin a sami kuɗin gyara”. Farin 1973 da 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya wasu masu motoci tun da wuri. Amma babban bugu shi ne na ranar 12 ga Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Duk wani kayan gyara da ke zuwa daga Turai ya yi tashin gwauron zabo. A shekarun nan ne kuma ma'aikata suka yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni. Malamin makaranta ko ma'aikacin gona da kulocin motarsa ya ƙone sai ya tura ta gindin bedi, da niyyar wata mai zuwa. Wata ya zama shekara, shekara ta zama ashirin.

Daga baya motocin Japan na hannu suka kwararo ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ga sauƙin shan mai, ga araha. Bayansu babura suka cika ƙauyuka, masu ƙafa biyu da masu ƙafa uku, suka ƙwace ƙananan lodin da bashe ke ci da su.

Sai dai al'amura sun sake juyawa. A watan Mayun 2023 Nijeriya ta janye tallafin man fetur, man da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya ya yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin ɗauko mota daga bakin teku ya ƙaru. Tsadar mai ta rage wa tsohuwar mota kwarjini, tsadar shigo da wata kuma ta sa masu lissafi sun fara waiwayar wadda ke kwance a ƙofar gida.

Takarda kafin ƙarfe

Kuskuren farko da ake yi shi ne kiran makanike kafin a kira magada. Motar mamaci dukiyar gado ce, komai lalacewarta, kuma mata da marayu suna da rabonsu a ciki. Sau da yawa ɗa guda ne zai zuba kuɗinsa ya tayar da ita, ranar da ta fara shiga kasuwa da lodi sai ƴan'uwa su tuna cewa ta mahaifinsu ce. Hanya mai tsabta ita ce a yi mata kuɗi tun tana kwance, a gaban shaidu, mai so ya biya sauran rabonsu, a rubuta, kowa ya sa hannu. Wanda ya tsallake wannan mataki ya sayi shari'a da kuɗinsa.

Na biyu, a nemo takardar mallaka, wadda ake kira “kart giriz”, a gwada lambar da ke cikinta da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar. In sun saɓa, a dakata. Motocin da suka ƙetaro daga kudu wasu sun biya duwan, wasu ba su biya ba, kuma shekaru ba su wanke wannan laifi. Ba ƙaramar hasara ba ce mutum ya kashe dukiyarsa a gareji, jandarma su tsare motar a shingen farko. Wadda take cikin harabar ma'aikata kuwa dukiyar ƙasa ce har sai hukuma ta fitar da ita daga lissafinta ta sayar bisa ƙa'ida. Yarjejeniya da mai gadi ba ciniki ba ne.

Abin da ido zai duba

In takardu sun daidaita, sai a haƙe rairayin da ya rufe ta, a ja ta zuwa fili, a ɗaga ta. Ƙasar Maraɗi tana da wata baiwa a nan: busasshiyar iska ba ta cin ƙarfe kamar damshin bakin teku. Amma rairayin da ya taru a jikin mota yana riƙe ruwan damina, fitsarin dabbobi kuma ya fi ruwan sama ɓarna. Don haka wuraren dubawa su ne daɓen da ake taka ƙafa, da ƙasan ƙofofi, da mazaunin batir, da wuraren da ƙafafun gaba ke manne da jiki.

Dalilin wannan bincike shi ne, 404 da 504 na fasinja ba su da shasi dabam kamar babbar mota: jikin ne kansa ke ɗauke da nauyi. In ƙasan ya ruɓe, ko ya taɓa karyewa aka yi masa walda a karkace, motar ba za ta sake tafiya daidai ba, za ta yi ta cin taya, kuma ranar hatsari ba za ta kare kowa ba. Irin wannan ba ta cancanci gyara ba. A bashe kuma a duba ƙarafan baya da ke ɗauke da akwatin lodi, domin shekarun da ta yi tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta suna barin tsaga a nan.

Sauran abubuwan da ke tsorata mai kallo ba su ne matsala ba. Kujerun da rana ta yayyage, katakon da gara ta cinye, wayoyin da ɓeraye suka tattauna, fentin da ya koɗe, duk akwai masu yin su a Maraɗi. Abin da ke da wuyar samu shi ne gilashin gaba da na baya, da fitilu, da ƙyalle-ƙyallen goshi. Motar da waɗannan suke cikakku a jikinta ta fi wadda injinta ke tashi amma an kwashe mata su.

Tayar da injin da ya yi barci

Gaggawa ta kashe injuna da yawa da zama bai kashe ba. An saba ganin yara sun kawo batir, sun zuba mai, suna ta murza makulli ko suna turawa. Injin da ya shekara goma bai juya ba, baƙin mansa ya tsiyaye ya bar ƙarfe bisa ƙarfe, wataƙila ma fistin ya kama da tsatsa. Tilasta masa juyawa na iya karya abin da da ana iya ceto.

Tsohon makanike yakan fara da cire fulogai, ya zuba ɗan mai a kowane rami, ya bar shi kwanaki yana jiƙa. Sannan ya sa sifana ya gwada juya injin da hannu, a hankali, gaba da baya. In ya juya, an ci rabin yaƙi. Sai a zubar da tsohon baƙin mai, a sauke tanki a wanke, domin fetur da ya daɗe yakan zama danƙo ya toshe kafireto. A wanke lagireto, a sauya robobin ruwa da bel. Bayan haka ne ake kawo batir.

Ko da injin ya ƙi juyawa, ba a yanke ƙauna ba. Injin fetur na 404 mai cc 1618, da na 504 mai cc 1796 ko 1971, an yi su da wata dabara da ta sa suka daɗe a Afirka: ramukan da fistin ke kai da komowa a ciki ba a jikin injin aka huda su ba, kwasfa ce ta ƙarfe da ake zarewa, wadda makanikai ke kira “shemis”. In ta cinye sai a zare a sa sabuwa tare da fistin ɗinta, injin ya koma kamar na jiya, ba tare da an kai shi wurin gurzawa ba. Babu na'ura mai ƙwaƙwalwa a cikinsa, babu abin da sifana da kunnen gwani ba za su gano ba.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Yawancin 404 na fasinja suna da wani irin haƙori na tagulla a cikin ƙafar baya, wanda aka yi shi domin wani mai na musamman da ake samu daga zurman. In aka gauraya shi da man giya na yau da kullum, ana iya lalata haƙorin. Yaron gareji da ya tashi cikin motocin Japan ba lalle ne ya taɓa jin wannan ba.

Abu na ƙarshe, wanda shi ya kamata ya zama na farko a zuciyar mai mota, shi ne birki da taya. Man birki yana shan damshi, robobinsa suna bushewa. Taya kuma ko zanenta bai goge ba, in ta tsufa ta tsattsage, za ta fashe a kan kwalta mai zafi. Motar da ke tashi amma ba ta tsayawa ba a gyara ta ba, an ɗana wa fasinja tarko ne.

Ina kayan gyara?

Sa'ar masu 504 ita ce daɗewar da aka yi ana harhaɗa ta a Kaduna. Har yanzu masu neman kayanta kan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, bayan sun gama zagaya ƴan kayan gyara na Maraɗi. Na 404 sun fi wuya, shi ya sa masu dabara kan sayi biyu, ɗaya ta ciyar da ɗaya. A nan ne ma motar da ƙasanta ya ruɓe take da sauran amfani: giyarta, gilasanta da ƙofofinta na iya tayar da wata. Mai irin wannan mota, in ya sayar da ita gaɓa gaɓa ga masu gyara, ya bar wa ƴan gwangwan ƙwarangwal kawai, zai fi samun kuɗi bisa ga ya sayar da ita dunƙule a kan sikeli.

Dogaro da kasuwannin ƙetare yana da nasa haɗari. An rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wanda ya warware injinsa ya baza a gareji kafin ya tara kayan da yake bukata, yana iya shekara yana jira, ƙananan ƙarafa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A fara tara kaya, sannan a kwance inji. A kuma yi hattara da jabu, domin kwali mai hoton zaki ba shi ne shaida ba.

Lissafin ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa ba ya zuba jari don tausayi. Kafin a kashe dala ɗaya, a rubuta abu uku: jikka nawa ƴan gwangwan suka taya, jikka nawa gyara zai ci har da takardu da inshora da tayoyi, sannan nawa motar za ta riƙa shigowa da shi ranar kasuwa bayan an cire mai da direba. A kan kuɗin gyaran da makanike ya faɗa a ƙara wani abu, domin sai an buɗe ciki ake ganin sauran ciwo.

Bashe mai lafiyayyen ƙashi tana da aikin yi. Tsakanin ƙauyukan Agye da Gazawa da kasuwannin bakin kwalta akwai aya da riɗi da wake da gero da ke neman abin ɗauka, lodin da ya fi ƙarfin babur mai ƙafa uku, bai kuma kai a kira babbar mota ba. Ta fasinja kuwa da wuya ta yi gogayya da motocin haya na yanzu wajen shan mai. Mai gyara ta ya san cewa don kansa yake yi, ko don sunan mahaifinsa.

Kada kuma a ruɗu da labarin cewa Turawa na sayen tsofaffin motoci da miliyoyi. Gaskiya ne a 2011 an yi gwanjon wata farar 504 ta 1977 a ƙasar Iran, aka taya ta kimanin dalar Amurka miliyan biyu da rabi, amma wannan kuɗin sunan mai ita ne, shugaban ƙasar na lokacin, Mahmud Ahmadinejad. Masu tara tsofaffin motoci suna neman wadda ba a sauya mata komai ba, mai cikakkun takardu. Wadda ta yi shekara talatin tana cin kasuwannin ƙauye, aka yi mata walda sau ɗari, darajarta tana nan gida.

Abin da sikeli ba ya aunawa

A ƙasar nan ba a taɓa barin ƙarfen mota ya tafi a banza ba. Ƙafar baya takan koma amalanken shanu, maƙera su ƙera gatari da fartanya da ƙarfen sifirin, a narkar da sanholon inji a zuba tukwane. Wannan sana'a ce mai albarka, kuma ita ce makomar mota da ta gama. Abin takaici shi ne a farfasa wadda ba ta gama ba, don kawai babu wanda ya tsaya ya leƙa ƙarƙashinta.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfen saurin ƙarewa, wato mutanen da suka san shi. Makanikan da suka koyi aiki a kan 404 suna yara, yau dattawa ne. Suna gane ciwon inji da sauraro, sun san abin da za a iya ƙerawa a maƙera da abin da dole sai an sayo. Kowace mota da aka kai musu gyara makaranta ce ga yaran da ke riƙe musu sifana. In suka tafi babu wanda ya gada, ko an so tayar da sauran motocin ba za a iya ba.

Wasu ƙasashe sun san darajar ajiye mota. Kamfanin Peugeot ya buɗe gidan tarihinsa a garin Sochaux a 1988. A gidan tarihin Legas ana ajiye da Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Ba abin mamaki ba ne in wata rana magadan gari na Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, tare da ƙungiyar masu motocin haya da manyan ƴan kasuwa, suka zaɓi bashe guda mai sanannen tarihi, suka gyara ta, suka rubuta sunayen kasuwannin da ta ci da direbobin da suka riƙe ta, domin ƴan makaranta su ga abin da ya haɗa ƙauyukansu da duniya kafin zuwan babur da wayar hannu.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga irin wannan tunani. Manoman Ɗan Saga da maƙwabtansu a ƙasar Agye sun yi suna har ƙasashen waje domin sun daina tumɓuke kututturen da ake gani kamar ya mutu, suka riƙa yi masa sassabe suna barin tsiron da ya fi ƙarfi, har gonaki suka sake cika da itatuwa. Ba kowane kututture ne ya tsiro ba, amma sai da aka duba aka sani.

Saboda haka mai tsohuwar mota a ƙofar gida, kafin ya amsa sallamar mai sikeli, ya tara magada, ya nemo takardu, ya kira tsohon makanike ya leƙa ƙarƙashinta. In ta mutu, a raba gaɓoɓinta ga masu bukata. In kuwa da sauran rai, ko da babu kuɗin gyara a bana, a haƙe mata rairayi, a ɗaga ta daga ƙasa, a kore awaki, a yi mata rumfa kafin damina. Wannan bai fi aikin yini guda ba, kuma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.